Jan ƙaramar mota a bayan motar tafi-da-gidanka a Amurka: kayan da ake buƙata da kuɗin da za su ci

Tun da muka sayi tamu motar tafi-da-gidanka, wadda a nan suke ce wa RV, tambayoyin da 'yan uwa ke min kusan iri ɗaya ne, musamman in sun ga ƙaramar motarmu maƙale a bayanta kamar ɗan raƙumi na bin uwa. Na gaji da maimaita amsa a waya shi ya sa na tara su wuri ɗaya. Kuɗin da na ambata duk dala ce kuma kimantawa ce, farashi ba ya zama wuri ɗaya. Nauyi kuwa da laba nake faɗa don ita ce a rubuce jikin motocin nan, laba 1,000 kilo 454 ke nan.

Me ma zai sa mutum ya jawo wata mota alhali yana cikin mota?

Wanda bai taɓa kwana a cikinta ba ne ke wannan tambayar. In ka isa sansani, wato filin da masu RV ke ajiye motocinsu su kwana, akwai aiki, ka daidaita motar kar ta karkace, ka jona wuta, ka jona ruwa, ka jona bututun ban ɗaki, ka turo ɗakunan nan masu fitowa ta gefe, ka buɗe rumfa, kana zama za ka kurɓi shayi sai uwargida ta ce albasa ta ƙare. Toh yanzu kwance komai za ka yi ka tuƙa gida guda mai ƙafa 30 zuwa kanti saboda albasa? Haka ranar Juma'a, filin ajiye mota na yawancin masallatanmu ko ƙananan motoci ba ya isa balle ka shigo musu da wannan ƙatuwar.

Akwai kuma hanyoyin da babbar ba ta shiga sam. Titin Going-to-the-Sun da ke gandun Glacier a jihar Montana, motar da ta wuce ƙafa 21 ba a barinta ta bi ta saman dutsen. Sannan in babbar ta mace maka a daji kana da abin da zai kai ka gari.

Hanyoyi nawa ake bi?

Uku. Akwai taya huɗu a ƙasa, wato a haɗa ƙaramar da babbar da sandar ja mai reshe biyu kamar gwafa, motar na bin ka da ƙafafunta. Akwai doli, wata 'yar tirela mai taya biyu da ake ɗora tayoyin gaba a kanta, na baya na ƙasa. Sai tirela sosai, motar gaba ɗaya a sama. Ta farkon ta fi daɗin sha'ani kullum, minti biyar ka haɗa ka kwance, amma ba kowace mota ce ke yarda da ita ba, kuma a kanta yawancin amsoshin nan suke. Doli da tirela kowacce tana da tambayarta can ƙasa. In ka ji 'yan sansani na cewa "tod" ƙaramar motar suke nufi, wasa da kalma ne, don a bakinsu kalmar "wadda aka jawo" da ta "kwaɗo" sautinsu ɗaya.

A gida ai igiya ko sarƙa muke ɗaurawa wani ya zauna a ta bayan yana taka birki, me ya hana a nan?

Wancan ceton motar da ta mace ne, 'yan kilomitoci zuwa wajen bakanike. A nan maganar mil 300 ko 400 ake yi a yini a kan babban titi, ba kowa a cikin ta bayan, kuma kar ka kuskura ka bar kowa ya zauna ciki, yaro ko babba. Ba direba, don haka ƙarfe ne zai riƙe ta, na'ura ce za ta taka mata birki.

Kowace mota ake ja taya huɗu a ƙasa? Ba a firi kawai zan saka ta ba?

A'a, kuma nan ne mutane suka fi yin asara. Giyar otomatik tana da famfo da ke zagaya mai a cikinta, injin ne kuma ke juya famfon. In injin a kashe yake tayoyi kuma na gudu, kayan cikin giyabos juyawa suke a bushe, zafi ya taru, ka dafa ta, kai kuwa kana can gaba kana jin rediyo ba ka san me ake ciki ba sai ka tsaya ka ji ƙauri. Saka ta a firi ba ya hana wannan. Masu giyar CVT, wata irin otomatik da yanzu ta cika ƙananan motoci, kusan duk ba a jan su haka. Kuma in ta ƙone ta wannan hanyar garanti ba ruwansa da kai.

Alƙali ɗaya ne a maganar nan, littafin da ya zo da motar. Ba dillali ba, ba abokinka mai irinta ba, ba ni ba. Ka nemi shafin da ya yi bayanin jan ta a bayan RV, kar ka rikita shi da shafin janwe, don wancan yakan yarda ne da ɗan gajeren ja a hankali lokacin larura, mutane su karanta shi su ɗauka an ba su izini. Kuma ka duba shekarar motarka da irin giyarta daidai, suna ɗaya ba ya nufin ciki ɗaya.

Toh waɗanne ne ake ja?

Jeep Wrangler ita ce ta cika sansanoni, dalili kuwa tana da ƙaramar giya ta taya huɗu da ake sawa a firi, sai tayoyin su rabu da giyabos gaba ɗaya. Irin wannan tsarin ne ya sa ake jan Jeep Gladiator da Ford Bronco da Ford F-150 da Chevrolet Colorado, masu jan taya huɗu ɗin. Ƙananan motoci masu giyar hannu da yawa ma ana jan su, irin Honda Fit. Honda CR-V kuwa har ta 2014 ana ja ko da otomatik ce, daga 2015 da suka koma CVT shikenan, shi ya sa tsofaffin har yanzu suke da kasuwa wajen masu RV.

Tamu CR-V ce ta 2013, kuma tana da nata ƙa'idar da ba a tsallakewa. Ka tayar da injin, ƙafarka a kan birki, ka bi da giyar ta kowane matsayi, sannan ka dawo firi daga D, ba daga ribas ba, ka bar injin na aiki minti 3 kafin ka kashe. Ba a wuce mil 65 a awa, kuma in tafiyar ta kai awa 8 sai ka tsaya ka sake yi. Da farko abin na ba ni haushi, yanzu ya zame min kamar ɗaura bel. In ba ka sayi ƙaramar ba tukuna, shawarata ka fara karanta amsar da ke biye kafin ka ɗora ranka a kan wata.

Ta yaya zan san babbar tawa za ta iya jan ta?

Lambobi uku za ka nema. GVWR shi ne iyakar nauyin babbar ita kaɗai da mutane da ruwa da kaya. GCWR shi ne iyakar nauyinta haɗe da abin da take ja. Na uku yana rubuce jikin ƙarfen ja na baya, wanda muke ce wa hici. Ka cire nauyin babbar daga GCWR, ka kwatanta da na hici, wanda ya fi ƙanƙanta shi ne naka. Misali masu shasin Ford E-450 irin tamu GVWR laba 14,500 ne, GCWR 22,000, saura 7,500, amma da yawansu hicin laba 5,000 aka sa musu, toh 5,000 ɗin ce iyakarka. Masu shasin Mercedes Sprinter kuma akasin haka ne, hici ya ce 5,000, amma 15,250 a cire 11,030 saura 4,220 in ka cika ta da kaya. Wrangler mai ƙofa huɗu ta haura laba 4,000 tun kafin ka sa mata komai, ka ga ta riga ta zo bakin iyaka. CR-V ɗinmu tana wajen 3,400. Manya masu dizal da injin a baya su ba su da wannan damuwar sosai, hicinsu yakan kai laba 10,000 ko fiye.

Kar ka yi lissafi da nauyin da ke cikin takardar talla. Ka loda ta yadda za ka yi tafiya, tankin ruwa, buhun shinkafa, tukwanen uwargida, yara, ka je tashar manyan motoci ka hau sikelin CAT, kuɗin bai kai dala 20 ba. Ranar da na fara hawa na sha mamaki, ashe kayan da muke ce wa "'yan ƙananan abubuwa" sun kusa cika mu. Kuma mu da ɗabi'ar mayar da ta bayan sito, a cika but da kujerun baya da kaya, duk wannan nauyi ne a kan sandar.

Waɗanne kaya zan saya in taya huɗu zan yi?

Sandar ja ce ta farko. Sunayen da za ka fi ji su ne Blue Ox na Nebraska, Roadmaster na jihar Washington da Demco na Iowa. Kuɗinta daga wajen dala 700 zuwa 1,500, ya danganta da nauyin da take ɗauka da ko ƙarfe ce ko alminiyom. Ka sayi wadda take zama jikin babbar a naɗe ta in an gama, kuma mai hannuwan da ke sakuwa ko motar a karkace take. Wannan ƙarin kuɗin ya cancanta, don ranar da ka tsaya a gangara sandar ta ɗaure, fil ya ƙi fita, kana dukansa da guduma mutane na jira a bayanka, za ka gane.

Na biyu besfilet, ƙarfen da ake ɗaurewa a shasin ƙaramar ta gaba inda sandar ke kamawa. Kowace mota da nata, na CR-V ba ya shiga Wrangler, kuɗinsa wajen dala 400 zuwa 700, kuma sai an cire bamba kafin a ɗaura, wani lokaci har da 'yar yanka a roba. Ka tabbatar kan sandar da besfilet ɗin sun dace, in kamfani daban-daban ne sai ka ƙara sayen mahaɗi. Sai wayoyin ƙarfe biyu na tsaro da ake sarƙewa a ƙarƙashin sandar ta yadda in ta saki za su tare ta. Birki da fitilu kowanne na ba shi tambayarsa a ƙasa.

Abin da ake yawan mantawa shi ne tsayi. Sandar ana so ta kwanta miƙe, bambancin tsayin hici da na besfilet kar ya wuce inci 3. In ya wuce akwai mahaɗin da ke ɗagawa ko saukarwa, dala 100 da wani abu. In sandar ta yi tsaye da yawa, birki mai ƙarfi na iya sa ƙaramar ta nemi hawa bayan babbar ko ta kutsa ƙarƙashinta.

Dole ne sai na sa wa ƙaramar birki? Babbar ai tana da birki mai ƙarfi.

Wannan ita ce tambayar da ake min da fatan in ce a'a, don ita ce mai tsada. Ka sa. Kamfanin Ford da kansa ya ce birkin shasinsa an auna shi ne da GVWR ba da GCWR ba, kuma abin da ake ja in ya wuce laba 1,500 yana buƙatar birkinsa. Doka kuma jiha-jiha ce, da yawa sun yanke a laba 3,000, Texas 4,500, wasu ƙasa da haka, kuma dokar jihar da tayarka ke kai ita ke aiki a kanka ba ta inda aka yi wa motar lamba ba. Ko ba doka, ka sauko daga duwatsun Colorado sau ɗaya da laba 3,400 na tura ka ta baya, ba sai an yi maka wa'azi ba.

Iri uku ake samu. Akwai na akwati da ake ajiyewa gaban kujerar direba, hannunsa ya kama fedar birki yana tura ta in ya ji ka rage gudu, irin Patriot na Blue Ox da RVibrake da Brake Buddy. Amfaninsa kana iya mayar da shi wata motar, wahalarsa kullum sai ka ɗora ka sauke. Akwai na dindindin da ake ɓoyewa cikin motar, irin InvisiBrake na Roadmaster da Stay-IN-Play na Demco, da Air Force One na masu birkin iska, waɗannan jona waya kawai za ka yi amma kuɗin ɗaurawa ya fi yawa. Duka biyun ka sa ran dala 1,000 zuwa 1,600. Na uku shi ne ReadyBrake, ba ruwansa da lantarki, turin da ƙaramar ke yi ne ke jan wata waya da ke ɗaure da fedar, ya fi araha nesa, kuma masu shi ba sa son jin wani.

Ko wanne ka zaɓa ka haɗa da makunnin tsinkewa. Wata 'yar siririyar waya ce daga babbar zuwa gaban ƙaramar, in Allah ya kiyaye komai ya saki ta fizge fil, birkin ƙaramar ya kama ta tsaya, maimakon ta zama mota ba direba a tsakiyar titi. Ita wannan wayar jikin shasin babbar ake maƙala ta, ba jikin sandar ba, don in sandar ce ta cire tare za su tafi.

Fitilun baya fa, da batir?

Ƙaramar ta rufe fitilun babbar, don haka nata ne za su nuna birki da sigina. Mafi arha fitilu masu maganaɗisu da ake mannawa a sama, dala 'yan gomomi, amma waya na goge fenti kuma sukan zame. Mafi yawan mutane dayod suke sawa, wutar babbar ta kunna fitilun ƙaramar ba tare da ta koma cikin wayarin ɗinta ba, kayan wajen dala 100 zuwa 200 har da igiyar da ke haɗa soket mai baki 7 na babbar da mai baki 6 na ƙaramar.

Batir kuwa ni ya koya min hankali. Motoci da yawa sai makulli na ciki a murɗe rabi don kar sitiyari ya kulle, ga akwatin birki na shan wuta, muka yi yini guda a hanya muka isa sansani bayan isha, na murɗa makulli ko ƙyas. Abin da ya fi tayar min da hankali ba rashin tashin ba ne, tunanin tun yaushe birkin nan ya daina aiki ban sani ba. Maganin ƙaramin abu ne, wayar caji daga babbar zuwa batirin ƙaramar, ba ta kai dala 100 ba. Wasu motocin kuma littafinsu zai ce ka cire wani fiyus, in kuwa fiyus ɗin a lungu yake ka sa masa makunni ka huta.

Duka-duka nawa zan tanada?

Bari mu yi lissafin tsaka-tsaki. Sanda 1,000, besfilet 550, birki 1,300, wayarin da caji 250, tarkacen makullai da mahaɗi 200, ka ga 3,300 tun ba a taɓa sifana ba. Aikin ɗaurawa a gareji yini guda ne cur ko fiye, kuma da awa suke caji, ka sa 1,000 zuwa 1,500. Don haka wanda ya tanadi dala 4,500 bai yi nisa da gaskiya ba, mai yi da kansa da kayan da aka riga aka yi amfani da su zai iya sauka ƙasa da 3,000, mai son komai sabo na sama zai haura 5,500. Kariyar tsakuwa, wato labule ko garkuwar da ke hana duwatsu fasa gilas da fenti, ƙarin dala 300 zuwa 600 ce, ni sai da na ga gaban motar ya yi zanzana sannan na saya.

In ka canza ƙaramar mota daga baya, sanda da birkin akwati za su bi ka, besfilet da wayarin da kuɗin aiki sun tafi. Shi ya sa ban ga hikimar kashe wannan kuɗin a kan motar da kake shirin sayarwa baɗi ba.

Doli ba ta fi araha ba?

A saye ta fi, wajen dala 1,500 zuwa 3,500 sabuwa, kuma ba a taɓa jikin motarka. Ita ce mafitar masu Camry da Corolla da Accord, motocin da tayoyin gaba ke ja, don in na gaban suna sama giyabos na hutawa. Masu jan taya huɗu kullum yawanci ba sa hawa doli, nan ma littafi za ka duba. Ka sayi mai birki, kuma ka ƙara nauyinta, laba 500 zuwa 700, a lissafin da muka yi a tambayar nauyi.

Abin da ba a faɗa maka a shago shi ne durƙuso. Sai ka hau da motar daidai, ka durƙusa ka ɗaure kowace taya da maɗauri, ka sa sarƙa, ka yi 'yar tafiya ka tsaya ka sake ƙara matsewa don suna saki, in ana ruwa haka za ka yi a cikin taɓo. Ka isa sansani kuma ka tura ta da hannu ka nema mata wurin kwana. Mai ciwon baya ko gwiwa ya yi tunani. Wasu jihohin kuma sai ka yi mata lamba.

Tirela fa?

Ita ce ke ɗaukar komai, har motocin lantarki irin Tesla da ba a jan su taya a ƙasa, kuma ita kaɗai ake ribas da ita. Amma buɗaɗɗiya ta ƙarfe ita kanta ta kai laba 2,000, kuɗinta daga wajen dala 4,000 zuwa sama, ta alminiyom ko rufaffiya ta fi haka sosai. Ga nauyin da take dannawa a kan hici, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na duka, alhali hicin laba 5,000 yawanci laba 500 kawai yake ɗauka ta sama. Ga mai E-450 ko Sprinter lissafin ba ya cika fita. Kayan masu manyan dizal ne, su ma sai sun sha neman sansanin da zai ɗauki tsawonsu.

Da gaske ba a ribas?

Da gaske. Tayoyin gaban ƙaramar an yi su ne su bi ka in kana gaba, kana komawa baya sai su murɗe gefe guda, sandar ta lanƙwashe ko besfilet ya ji jiki. Doli ma haka. In ka shiga lungu ba mafita, sauka za ka yi ka kwance, ka juya kowacce daban. Shi ya sa kafin in shiga gidan mai sai na ga ta inda zan fita, in ban gani ba na wuce na gaba, kuma ban bari tanki ya sauka ƙasa da kwata don kar larura ta tura ni inda ban so.

Bayan kayan, akwai wani kuɗin da ke biyo baya?

Mai yana ƙaruwa amma ba yadda ake tsoro ba, don babbar ta riga ta kare mata iska, ni dai abin da nake gani bai kai mil 1 a galan ba, sai a hawan dutse. Tolget da yawa da yawan aksil suke caji, ƙarin biyu ke nan, kuma in kana da na'urar biyan tolget a ƙaramar ka cire ta ko ka naɗe ta kar a caje ka sau biyu. Tayoyin ƙaramar suna cinyewa duk da yawancin sababbin motoci ba sa ƙirga mil in injin a kashe yake, don haka ka riƙa rubuta mil ɗin ja da kanka saboda juyen taya. Inshora kowace mota da tata, ka kira su ka gaya musu kana ja, ka tambaya wace ce ke biya in ƙaramar ta lalace a hanya, kuma sandar da birkin suna ciki ko babu.

Ina buƙatar lasisi na musamman?

Ga yawancin masu ƙanana da matsakaita lasisin mota na kullum ya isa. A Texas in GVWR ya kai laba 26,001 sai ka yi wani aji na lasisi duk da ba na kasuwanci ba ne, a Kalifoniya kuma in tsawon babbar ya wuce ƙafa 40. Kalifoniya ɗin dai, mai jan abu ba ya wuce mil 55 a awa ko me allo ya ce wa sauran motoci, kuma tsawonku gaba ɗaya kar ya haura ƙafa 65.

Zan iya sayen na hannu, ko in ɗaura da kaina?

Birkin akwati na hannu ba laifi in ka gwada shi. Sanda kuwa ka duba ta da kyau, in hannuwan na da lanƙwasa ko wasa ya yi yawa a gaɓoɓin, ko mai ita ya ce "sau ɗaya kawai na ɗan yi baya da ita", ka bar masa kayarsa. Besfilet ni sabo nake ba da shawara, da sababbin kusoshinsa. Ɗaurawa da kai yana yiwuwa in hannunka ya saba, amma sai da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri da gam ɗin kusoshi, a bi lambobin da takardar ta ce, a kuma riƙa leƙa su lokaci-lokaci. Wayarin ɗin birki na dindindin kuwa, in ba sana'arka ba ce ka biya a yi maka.

Mu da ke Ingila fa, haka abin yake?

Kusa amma ba ɗaya ba. Can ana amfani da irin wannan sandar mai siffar A, kuma hukuma na ɗaukar motar da ake ja a matsayin tirela, don haka birkinta sai ya yi aiki, gudu kuma mil 60 a babban titi, 50 a titin da ba a raba masu zuwa da masu dawowa ba. Matsalar tana tsallaka ruwa, Sifen da Jamus ba su yarda da ita ba, mai niyyar zagaya Turai tirela ce ta fi masa kwanciyar hankali.

In sau biyu ko uku nake fita a shekara, ya cancanta?

Gaskiya da wuya. Dala 4,500 hayar mota ce ta kwanaki masu yawa. Ka yi shekarar farko ba ja, ka yi haya in ka isa, ko uwargida ta biyo ka da ƙaramar in tafiyar ba nisa, ko ka rataya keke mai batir a baya. In ka ga kana yawan zuwa wuraren da ba gidan haya kusa, irin hamadar Quartzsite a Arizona inda masu RV ke taruwa a watan Janairu, ko kana yin sati biyu uku a waje, toh lokacin ka koma tambayar kuɗi ka fara tari.

Me kake dubawa kafin ka tashi?

Ina da kati a manne jikin sitiyarin ƙaramar, kuma in ina haɗawa ba na hira da kowa, don maƙwabcin sansani mai son labari shi ke sa a manta fil. Filolin sanda da makullansu, wayoyin tsaro a sarƙe, igiyar wuta, wayar tsinkewa, giya yadda littafi ya ce, sitiyari a sake, birkin hannu a sauke. Wannan na ƙarshen ka duba shi sau biyu, babbar tana da ƙarfin da za ta ja mota da tayoyi a kulle ba ka ji ba. Sai uwargida ta tsaya a baya in taka birki, in ba da sigina dama da hagu, sannan in matsa a hankali tana kallo har hannuwan sandar biyu su miƙe su kulle kuma ta ga duk tayoyin huɗu na juyawa. Duk inda muka tsaya shan mai ko sallah ina zagayawa in taɓa filolin, in kai bayan hannuna kusa da kowace taya in ji ko ta yi zafi. Kyamarar baya kuma a kunne take tun daga tashi har sauka.